Ina da asma, kuma ina tsoron gwajin fitsari: amsa ga wani ɗan ƙwallo

Wasiƙar wannan makon ta zo daga wani matashi da ya nemi a sakaya sunansa. Ga abin da ya rubuto a taƙaice:

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan ƙwallo ne, shekarata 22, ina buga wa wata ƙungiya a gasar Firimiya ta ƙasa. Bana muna cikin gasar nahiyar Afirka, kuma an ce mana ana iya ɗibar fitsarin kowane ɗan wasa bayan an tashi. Tun ina yaro nake da asma, ina amfani da abin shaƙa na Ventolin, amma ban taɓa gaya wa koci ko likitan ƙungiya ba, domin ina tsoron a ce ba ni da numfashin minti casa'in a sallame ni. Wani abokin wasana ya ce idan aka ga maganin a fitsarina dakatarwar shekara huɗu ce, shi ya sa na ajiye shi makonni uku ke nan, ga hunturu ya shigo, da dare ba na iya barci. Idan mura ko zazzaɓi ya kama ni, kemis ɗin unguwarmu nake zuwa a yi mini haɗi, wani lokaci a ɗaura mini ruwa. Watan jiya na sha tiramol sau biyu saboda gwiwa. Mahaifiyata kuma tana aiko mini da jiƙo a gora, ba na iya ce mata a'a. Ina mafita?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin ka kai ƙarshen wannan amsa, ka ɗauko abin shaƙarka daga inda ka ajiye shi ka mayar da shi aljihunka, domin a cikin duk abubuwan da ka lissafa shi ne mafi ƙarancin haɗari ga sana'arka, ajiye shi kuma shi ne mafi girman haɗari ga ranka. Asma tana kashe mutum idan ta tashi babu magani a kusa, kuma wanda ke gudu a cikin ƙurar hunturu da ƙirji a cushe ya fi kowa kusa da wannan. Abokin naka ya ji rabin magana ne ya kawo maka, sai ka guje wa gara ka nufi gidan zago.

Hukumar duniya da ke tsara dokar hana shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ita ce WADA, wadda aka kafa a 1999, hedikwatarta na Montreal a ƙasar Kanada, kuma FIFA da CAF duk a kan kundinta suke tafiya. Kowace shekara tana fitar da jerin abubuwan da aka haramta, ana wallafa shi kafin ƙarshen shekara, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu. Zan rubuta maka sunayen magunguna yadda suke a jikin kwali, domin da haka za ka gane su idan ka gan su. Sinadarin da ke cikin Ventolin sunansa salbutamol, kuma doka ta halatta shaƙarsa ba tare da neman izinin kowa ba, muddin bai wuce maikirogiram 1,600 a cikin awa 24 ba, kuma bai wuce 600 a cikin kowace awa takwas ba. Matsi ɗaya na irin abin shaƙar da aka saba gani maikirogiram 100 ne, wato kana da matsi shida a awa takwas, goma sha shida a yini da kwana. Mai asmar da ake kula da ita yadda ya kamata ba ya kusantar wannan adadi. Idan kai kana kusantarsa, to maganar ta bar hannun WADA ta koma hannun likita, domin alama ce ta cewa ciwon ya fi ƙarfin Ventolin shi kaɗai, kana buƙatar abin shaƙa na biyu, irin na kariya da ake amfani da shi kullum, kamar beclomethasone ko budesonide, waɗanda su ma shaƙarsu halal ce a dokar wasanni.

Inda abokinka yake da ɗan gaskiya shi ne salbutamol ɗin da ake haɗiya. Ƙwayarsa da ruwansa na kwalba, waɗanda masu kemis suka fi miƙo wa mai asma saboda sun fi araha, haramun ne a kowane lokaci, da wasa da babu wasa. Haka terbutaline, wanda ake samu a wasu magungunan tari, ko shaƙarsa ma sai da izini. Akwai kuma tsofaffin ƙwayoyin asma masu ɗauke da ephedrine, wanda aka haramta a lokacin gasa. Ka ga ke nan wanda ya jefar da abin shaƙa ya koma neman "maganin ƙirji" a kemis, ya bar halal ne ya rungumi haram da hannunsa.

Akwai ƙa'ida guda da nake so ta zauna maka a rai, domin a kanta aka gina komai: duk abin da aka samu a jikinka, kai ne mai shi. Ba a buƙatar a tabbatar da cewa ka yi niyyar maguɗi kafin a ce ka karya doka. Samun abin a fitsari ya isa. Niyya da sakaci sai a wajen auna tsawon hukunci suke shigowa, inda ake farawa daga shekara huɗu ga manyan abubuwa irin su sinadaran gina tsoka, shekara biyu ga yawancin waɗanda ake iya ci karo da su a maganin yau da kullum, sannan a rage gwargwadon yadda ɗan wasa ya nuna ya yi taka-tsantsan. Ka san Andre Onana, golan Kamaru. Yana Ajax a 2020 ya ji ba ya jin daɗi, ya ɗauki ƙwaya a gida a zaton asfirin ce, ashe maganin matarsa ne mai ɗauke da furosemide, wanda ke sa yawan fitsari. UEFA ta yarda ba maguɗi ya yi niyya ba, amma duk da haka ta dakatar da shi shekara ɗaya a Fabrairun 2021, kotun wasanni ta duniya da ke Lausanne ta rage zuwa wata tara. Kafin shi, Kolo Toure yana Manchester City a 2011 ya sha ƙwayar rage ƙiba ta matarsa, ya zauna wata shida, har wasan ƙarshe na kofin FA da ƙungiyarsa ta ci ya wuce shi. Waɗannan mutane ne masu likitoci da lauyoyi a ƙarshen wayarsu. Magungunan sa fitsari sun shiga jerin ne saboda ana amfani da su a wanke wasu abubuwan daga jiki ko a rage nauyi cikin gaggawa, kuma irinsu ne aka samu a jikin Chika Amalaha, 'yar Najeriya mai ɗaga nauyi, wadda aka ƙwace wa zinariya a wasannin Commonwealth na Glasgow a 2014 tana da shekara 16. Da yawansu maganin hawan jini ne, irin wanda ke kan teburin kusan kowane dattijo a gidajenmu, saboda haka kada ka kuskura ka ɗauki ƙwaya daga ledar Baba ko ta Hajiya don kanka na ciwo.

Wannan ne ya kawo mu ga abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka, wato haɗin kemis. Mun san yadda ake yi: ka faɗi abin da ke damunka, a ɓallo ja biyu, fara ɗaya, ruwan ɗorawa ɗaya, a ƙulle a farar leda, a ce safe da yamma. Babu kwali, babu suna, babu takarda. Ga mutumin da ba ɗan wasa ba ma wannan ganganci ne, ga kai kuwa caca ce da abincinka, domin ranar da aka kira ka gaban kwamiti tambaya ta farko ita ce yadda abin ya shiga jikinka, kuma wanda ya kasa nuna hanyar da ya shiga da wuya a yi masa ragi. Abubuwa biyu ne nake zargin suna yawan faɗowa cikin irin wannan haɗi. Na farko dexamethasone, wanda aka fi sani da deksa, da ɗan'uwansa prednisolone, waɗanda ake jefawa don mutum ya ji ya warware da wuri. Haɗiyarsu haramun ce a lokacin gasa, kuma tun daga 2022 kowace irin allurarsu ma haramun ce a lokacin gasa, har da wadda ake yi a cikin gwiwa ko idon sawu. Na biyu pseudoephedrine, mai buɗe hanci, wanda ke cikin magungunan mura da yawa, kuma ya haramta a lokacin gasa idan ya wuce maikirogiram 150 a kowace mililita ta fitsari. Shi ne ya raba Andreea Raducan, 'yar Romaniya mai wasan alkafura, da zinariyarta a Olamfik na Sydney a 2000, tana da shekara 16, kuma likitan tawagarsu ne ya ba ta maganin murar da hannunsa.

Ka lura da kalmar "lokacin gasa", domin nan ne 'yan wasa da dama suke ruɗewa. Yana farawa daga ƙarfe 11:59 na daren jajiberin wasa har a gama ɗibar fitsari, amma abin da ake dubawa shi ne ko maganin yana jikinka a wannan lokaci, ko da kuwa ranar Laraba ka sha shi wasan yana Lahadi. Shi ya sa WADA ta fitar da kwanakin da ya kamata a bari tsakanin magani da wasa. Pseudoephedrine ana barinsa aƙalla awa 24. Deksa da aka haɗiya kwana uku, wanda aka yi allurarsa a tsoka kwana biyar, amma allurar triamcinolone a tsoka, wadda wasu ke yi wa masu asma da masu atishawar ƙura sau ɗaya a ce ta ishe su hunturu, sai kwana 60. Idan wani ya ce zai yi maka allura guda da za ta raba ka da asmar bana, ka tambayi sunanta kafin ka kwance wando.

Ƙarin ruwa kuma, wanda muka mayar tamkar shayi, shi kansa haramtacciyar hanya ce, ko da ruwan gishiri ne zalla babu komai a ciki. Doka ta hana a ɗura wa ɗan wasa fiye da mililita 100 ta jijiya a cikin awa 12, a kowane lokaci, sai dai idan a asibiti ake jinyarsa, ko tiyata, ko wani binciken likita. Ledar da ake ratayawa a ƙusa a bayan kantin kemis yawanci mililita 500 ce, kuma bencin kemis ba asibiti ba ne, ɗakin otal ɗin ƙungiya ma haka. Ɗan ƙwallo Samir Nasri ya je wani wurin ƙarin ruwa a Los Angeles a ƙarshen 2016, wurin suka sa hotonsa a Twitter suna tallar kansu, ƙarshenta aka dakatar da shi wata shida, daga baya ta koma wata 18. Idan zazzaɓi ya kai ka ga buƙatar ruwa, to ya kai ka ga asibiti, a buɗe maka kati, ka karɓi takardar sallama ka adana. In ba haka ba, gishiri da sukari na ORS da ruwan sha sun wadatar.

Tiramol ɗin watan jiya ya daɗe da barin jikinka, kada ya hana ka barci. Amma ka sani tun ranar 1 ga Janairun 2024 ya shiga jerin haramtattu a lokacin gasa. Masu tseren keke ma sun riga kowa hana shi tun 2019, kuma a kansa aka soke sakamakon Nairo Quintana na tseren Faransa a 2022. Ko da doka ba ta hana ba, ni da kai mun ga abin da ya yi wa samarin unguwanninmu, daga masu jijjiga kamar farfaɗiya zuwa waɗanda ba sa iya fita aiki sai sun haɗiya. Gwiwar da ba ta barin ka wasa sai da tiramol gwiwa ce da ke buƙatar hoto, kuma rufe mata baki kana gudu a kanta shi ne yadda raunin sati uku yake zama na shekara. Kodin ma ka nisance shi: ba ya cikin jerin da sunansa, sai dai jiki yana mayar da wani sashensa morphine, wanda yake ciki, kuma dama gwamnati ta hana maganin tari mai kodin tun 2018.

Kada wannan duka ya sa ka zaci babu abin da ya rage maka. Farasitamol halal ne. Maganin zazzaɓin cizon sauro na artemether da lumefantrine, irin su Coartem, halal ne, haka amoxicillin da mafi yawan magungunan kashe ƙwayoyin cuta, haka loratadine da cetirizine na atishawa idan su kaɗai ne babu haɗin mai buɗe hanci. Ibuprofen da diclofenac ma doka ba ta hana su ba, amma kai mai asma ne, kuma akwai masu asmar da su da asfirin ke tayar musu da ciwon, don haka ka bar likita ya yanke wannan. Goro da shayi da gahawa babu laifi, an cire sinadarinsu daga jerin tun 2004. Abin da nake nema daga gare ka shi ne ka sayi kowane magani a cikin kwalinsa, ka karanta sunan sinadarin da ke ƙasan sunan kamfani, ka ɗauki hotonsa da waya ka tura wa likitan ƙungiya kafin ka haɗiya. Sunan kamfani yana yaudara, musamman yanzu da za ku riƙa tafiye-tafiye. Alain Baxter, ɗan Birtaniya mai gudun ƙanƙara, ya sayi abin shaƙa na Vicks a Amurka a lokacin Olamfik na 2002, irin wanda ya saba amfani da shi a gida, ashe na Amurka yana da wani sinadari da na Birtaniya ba shi da shi, aka karɓe tagullarsa. Akwai shafin intanet mai suna Global DRO da ake duba magani, amma an gina shi ne a kan magungunan ƙasashe irin su Amurka da Birtaniya da Kanada da Japan, ba na kasuwarmu ba, saboda haka da sunan sinadari za ka bincika. Kuma duk shekara a sake dubawa: 'yar wasan tanis Maria Sharapova ta yi shekaru tana shan meldonium yana halal, ya shiga jerin ranar 1 ga Janairun 2016, a cikin watan aka kama ta. Lambar NAFDAC kuwa shaida ce ta cewa an yi wa abu rajista, ba ta ce komai game da dokar wasanni ba, kuma wannan ya shafi garin gina jiki da ƙwayoyin ƙarin kuzari da ake tallarsu a wuraren motsa jiki. Ta irin wannan hanya Paul Pogba ya faɗa tarko a 2023.

Sai maganar Hajiya, wadda na san ita ce ta fi yi maka nauyi. Ba na ba ka shawarar ka ce mata maganinta ba shi da kyau, domin ba ka sani ba, kuma ba haka ake yi wa uwa magana ba. Ka zauna da ita ka gaya mata gaskiya, cewa aikinka yana da doka, ana auna fitsarinka a ƙasar waje, kuma idan aka ga abin da ba a san asalinsa ba za a hana ka sana'a shekaru. Uwar da ke aiko gora saboda tana son ka yi ƙarfi ba za ta so gorar ta zama sanadin zamanka a gida ba. Ka roƙe ta ta ci gaba da addu'a, da tofi, da zuma da citta da kanumfari da tafarnuwa, waɗanda abinci ne. Abin da za ka bari shi ne sassaƙen da ba ku san sunansa ba, da musamman na kwalba da na gari da ake sayarwa a mota da lasifika, domin ba ka da hanyar sanin ko an niƙa ƙwayar bature a ciki don a ji yana aiki nan take. Kasancewar abu daga itace ba ta wanke shi ba. Ephedrine ɗin da na ambata daga tsiro aka fara samo shi. Idan kunya ba za ta bar ka ba, ka nemi yayarka ko kawunka su isar da saƙon.

Abu mafi wuya shi ne zuwa wurin likitan ƙungiya, kuma nan ba zan sassauta maka ba, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na fahimci tsoronka, kuma ba zan ce maka babu kocin da zai yi maka kallon rago saboda asma ba. Amma asma tana da yawa a tsakanin manyan 'yan wasa, har Paula Radcliffe, wadda ta riƙe tarihin gudun fanfalaƙi na mata na duniya daga 2002 zuwa 2019, mai asma ce. Abin da ke rage maka numfashi a minti na saba'in shi ne asmar da ba a kula da ita, wadda kake fama da ita yanzu. Sannan akwai lissafin da ba ka yi ba. Idan ciwon ya tashi maka da ƙarfi, a asibiti za a sa maka na'urar turaren magani, wadda ke iya wuce iyakar salbutamol, a ba ka prednisolone ko allurar hydrocortisone. Ka karɓa ba tare da jinkiri ba, domin doka da kanta ta yarda a ceci rai tukuna. Akwai izini na musamman da ake kira TUE, wanda a al'ada ake nema aƙalla kwana 30 kafin gasa, amma a halin gaggawa ana nemansa bayan an yi jinya. Sai dai kwamitin da zai duba yana son hujja: tarihin ciwon, sakamakon gwajin hura numfashi, rahoton likitan da ya duba ka. Wanda ya ɓoye ciwonsa shekara goma ba shi da ko ɗaya daga ciki, kuma asmar da ta bayyana a takarda washegarin da aka kama mutum babu mai yarda da ita cikin sauƙi. Idan kana ɗari-ɗari, ka fara zuwa wurin likitan ƙirji a asibitin koyarwa mafi kusa da kai, a yi maka gwajin, a tsara maka magani, sannan ka shiga ofishin likitan ƙungiya da takardarka a hannu, ka nemi ya riƙe maganar a matsayin sirrin jinya.

Ranar da sunanka ya fito a gwaji, kada ka ƙi, kada ka sulale, domin ƙin bayar da fitsari laifi ne da hukuncinsa ke iya kai shekara huɗu. Kana da damar tafiya da wakili, kuma likitan ƙungiya ya fi dacewa. Za a buƙaci mililita 90, kai za ka zaɓi kwalaben, a raba gida biyu, A da B, kai za ka rufe su, ka tabbatar lambar jikinsu ta yi daidai da ta takarda. A takardar akwai gurbin da ake rubuta duk abin da ka sha a kwana bakwai da suka wuce. Ka rubuta Ventolin da yawan matsin da kake yi, ka rubuta farasitamol, ka rubuta har bitamin, sannan ka karɓi kwafinka ka ajiye tare da hotunan kwalayen, domin ana iya adana fitsarin a sake auna shi har shekara goma.